Darasi na 9: Gyaran Turken Karcen Kyanwa

Kyanwa ba don ɓarna take karce kaya ba. Farcenta yana girma ne kamar albasa, sabon ɓawo a ciki, tsoho a waje, kuma sai ta karta a abu mai kaushi tsohon yake fita. A tafin ƙafarta akwai wani wari da take bari a wurin, alamar cewa nan nata ne. Shi ya sa ake kafa mata turken katako a naɗe shi da igiya. Ranar da igiyar ta tsinke, kujera da katifa ne za su ji a jikinsu.

Fara da girgiza turken

Kama kansa ka girgiza. Idan yana rawa, ka fara da gindi, domin kyanwa ba ta cika komawa kan abin da ya taɓa faɗo mata ba. Kifa shi ka ɗaure notin da ke ƙasa. In ramin notin ya buɗe, sa wasa mai faɗi, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, kafin ka ɗaure. Falankin gindi kada ya gaza santimita 40 kowane gefe, tsawon turken kuma ya kai kamar santimita 80, yadda kyanwa za ta miƙe sosai.

Kayan aiki su ne igiyar sisal ko ta rama mai kaurin milimita 8, farin gam na kafinta, ƙusoshi masu lanƙwasa kamar harafin U, guduma, filaya da wuƙa. Shinshina igiyar tun a kasuwa. Wadda ke warin mai ko kananzir a bar ta, kyanwa za ta ƙi ta. Igiyar roba ma ba ta yi, tana da santsi kuma zarenta na maƙale farce.

Igiya nawa za a saya?

A nan aka fi yin kuskure, a sayo kaɗan aiki ya tsaya a tsakiya. Zagaya igiya sau ɗaya a jikin turken ka auna. A ce ta ba ka santimita 34, wurin da za a naɗe kuma tsawonsa santimita 60 ne. Igiya mai milimita 8 tana buƙatar zagaye 75 kafin ta rufe tsawon santimita 60. To, 75 sau 34 ya ba da santimita 2,550, wato mita 25 da rabi. Sayi mita 28, gara ta yi saura.

Naɗi

Yanke tsohuwar igiya ka warware ta, amma ajiye ɗan guntu. Zare duk tsofaffin ƙusoshi da filaya, sannan ka bi katakon da tafin hannu a hankali. Ƙusa ɗaya da aka manta tana iya tsaga wa kyanwa ƙafa.

Daga ƙasa ake farawa. Kafe bakin igiyar da ƙusa biyu, ka doke su har su nutse. Shafa gam siriri a tsawon kamar yatsa huɗu kawai, kada ya bushe kafin ka iso. Ja igiyar da ƙarfi kana zagayawa, kowane zagaye ya zauna kan ɗan'uwansa. Duk bayan zagaye biyar, tsaya ka daddoka igiyar zuwa ƙasa da guduma har katako ya daina leƙowa. Wannan dukan shi ne aikin. Wanda ya yi ƙyuya a nan, ba da jimawa ba zai ga igiyar ta zame ta taru a gindi, sama ya zama tsirara. Gam kuma kada ya yi yawa: in ya ɓullo waje ya bushe, igiyar takan yi tauri, farce ya kasa shiga.

In igiya ta ƙare a hanya, tura bakin sabuwar ƙarƙashin zagayen ƙarshe ka naɗe a kansa, kada ka yi ƙulli. Tsakiyar turke, inda kyanwa ta fi karta, ba a buga ƙusa. A can sama ka kafe da ƙusa biyu, ka datse duk zaren da ke reto, domin kyanwa kan haɗiye shi ya toshe mata hanji.

Bar shi ya bushe kwana ɗaya cur. Sai ka goga guntun tsohuwar igiyar nan a jikin sabuwar don warinta ya kama, ka mayar da turken daidai inda yake a da.

Aikin gida

Zagayen turkenka santimita 30 ne, kana buƙatar zagaye 80. Mita nawa ke nan, kuma nawa za ka saya?