Yadda Ake Haɗa Fodkas Kan Laifuka da Halayyar Masu Aikata Su

Tambaya ɗaya ce ke riƙe mai sauraron shirin laifuka har ƙarshe: me ya kai mutum ga aikata wannan abu? Wanda ya yi, da inda aka yi, da makamin da aka yi da shi, duk jarida ta riga ta faɗa masa. Dalilin ne bai samu ba. A nan ne kuma yawancin masu haɗa fodkas, wato shirin sauti da ake ɗorawa a intanet, ke zamewa, domin amsar da ta fi saurin zuwa baki, a ce mahaukaci ne ko da mugunta aka haife shi, ita ce wadda ba ta da hujja a takarda. Aikinka shi ne ka bi sawun shawarwarin da mutumin ya yanke ɗaya bayan ɗaya, kowace da shaidarta.

Zaɓen shari'a

Ka fara da shari'ar da aka gama, aka yanke hukunci, aka kuma ƙare ɗaukaka ƙara. Irin wannan tana barin rubutaccen hukunci mai tsawo, inda alƙalai suka rarrabe abin da aka tabbatar da abin da aka yi jayayya a kansa, wani lokaci har da taƙaitaccen rahoton likitocin ƙwaƙwalwa da suka duba wanda ake tuhuma. Ga kuma batun doka. A ƙasashe da dama, yaɗa abin da zai iya karkatar da shari'ar da ke gudana raina kotu ne, kuma a Ingila dokar raina kotu ta 1981 ba ta duba ko da niyya ka yi. A Ostareliya, fodkas ɗin The Teacher's Pet, wanda ya bi diddigin ɓatan Lynette Dawson a 1982, sai da aka janye shi a ƙasar a 2019 bayan an gurfanar da mijinta. Alƙali shi kaɗai ya saurari shari'ar, ba tare da masu taya shi yanke hukunci daga cikin jama'a ba, kafin ya kama mijin da laifi a 2022.

In ka ga labaran jarida kawai kake da su, ka ajiye shari'ar ka nemi wata. Jaridu suna kwafar juna, saboda haka rahoto goma sau da yawa majiya ɗaya ce.

Jadawali biyu

Kafin ka kunna makirfo, ka buɗe jadawali mai gida huɗu: lokaci, abin da ya faru, majiya tare da lambar shafi, sai matsayin maganar, wato ko kotu ce ta tabbatar, ko shaida ɗaya ne ya faɗa, ko jita-jita ce. Guda biyu za ka yi. Ɗaya na rayuwar mutumin shekara bayan shekara, ɗaya na kwanakin da suka kewaye laifin, awa bayan awa.

Na biyun shi ne ke nuna halayya. Wanda ya sayi makami sati uku kafin ranar, ya je ya duba wurin sau biyu, ya bar wayarsa a gida, daban yake da wanda ya rarumi abin da ke kusa da hannunsa a tsakiyar rigima. Haka ma abin da ya biyo baya: ya kira agaji, ya gudu, ko ya wanke tufafinsa ya tafi aiki washegari kamar ba a yi komai ba? Waɗannan abubuwa ne da za ka iya nuna wa mai sauraro ba tare da ka laƙaba wa kowa sunan ciwo ba.

A jadawalin rayuwa, ka fifita abin da aka rubuta kafin laifin a kan abin da aka tuna bayansa. Maƙwabcin da ya ce "ai tun yana yaro na san ƙarshensa ke nan" yana magana ne bayan ya ga hoton mutumin da ankwa. Takardar makaranta ko ta wata tsohuwar shari'a kuwa ba ta san abin da ke tafe ba. Tun a 1974 masaniyar halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus ta nuna cewa sauya kalma ɗaya a tambaya yana sauya irin gudun da mutane ke cewa mota ta yi a hatsarin da aka nuna musu. Don haka kada ka ce wa shaida "yana da zafin zuciya, ko?" Ka ce masa "ba ni labarin wata rana da ka ga ransa ya ɓaci," sannan ka yi shiru ka bar shi.

Masani, da abin da za ka tambaye shi

Likitan ƙwaƙwalwa yana duba ciwo da magani. Masanin halayyar ɗan Adam mai aiki da kotu yana auna hali da yiwuwar sake aikata laifi. Masanin nazarin laifuka kuma yana duba alƙaluma da yanayin al'umma. Ka san wanda tambayarka ta dace da shi, ka aika masa hukuncin kotu da jadawalinka aƙalla mako guda kafin hira.

Kada ka nemi ya faɗa maka ciwon da ke damun mutumin da bai taɓa zama da shi ba. A 1964 wata mujalla a Amurka ta tambayi likitocin ƙwaƙwalwa ko ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater yana da lafiyar hankalin da zai riƙe mulki, da yawa suka amsa ba tare da sun taɓa duba shi ba, Goldwater ya kai mujallar ƙara ya yi nasara. A 1973 ƙungiyar likitocin ta hana mambobinta yin haka. Masanin da ya yarda ya yi maka wannan a iska, ka yi shakkar sauran maganarsa. Tambayoyin da ke fito da amsa mai amfani su ne irin waɗannan: me bincike ya nuna game da masu aikata irin wannan laifi? Wane ɓangare na wannan labari ya yi daidai da abin da aka saba gani, wane kuma ya saɓa? Mutum nawa ne ke da irin wannan tarihi amma ba su taɓa cutar da kowa ba? Ta ƙarshen nan kada ka taɓa tsallake ta.

Kalmar saikofat, wato mai ƙeƙasasshiyar zuciya da ba ya jin tausayi ko nadama, ita aka fi wulaƙantawa a irin waɗannan shirye-shirye. Tana da ma'auni, wanda Robert Hare na Kanada ya tsara: abubuwa 20, kowane a ba shi maki 0, 1 ko 2, jimla 40, kuma a Arewacin Amurka daga 30 ake ɗaukar mutum ya kai. Ƙwararre ne ke auna shi, bayan doguwar hira da mutumin da karanta fayil ɗinsa. In ba a yi wannan awo an gabatar a kotu ba, ka bar kalmar, ka faɗi abin da mutumin ya yi.

Akwai wasu ra'ayoyi da suka shahara har ana ɗaukarsu tamkar tabbas. Raba masu kisa gida biyu, masu tsari da marasa tsari, ya samo asali daga hirar da jami'an FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, suka yi da masu kisa 36 kacal. A 2004 David Canter da abokan aikinsa suka gwada shi a kan shari'o'i 100, ba su ga rabon ya tabbata ba. Haka maganar nan cewa fitsarin kwance, da cinna wuta, da azabtar da dabbobi a yarinta suna nuna wanda zai zama mai kisa. Ta fito ne daga nazarin John Macdonald na 1963 a kan majinyatan da suka yi barazanar kisa, kuma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa ukun tare suna hasashen komai ba. Idan za ka ambace su, ka ambace su da tarihinsu da rauninsu.

Batun cin zarafi a yarinta ya fi buƙatar taka tsantsan, domin cikin masu sauraronka akwai waɗanda abin ya faru da su. Binciken Cathy Widom na 1989 ya nuna cewa yaran da aka ci zarafinsu ko aka yi watsi da su sun fi fuskantar kamu idan sun girma, amma mafi yawansu ba a taɓa kama su da laifin tashin hankali ba. Dole rabin maganar nan biyu su fito tare, a jimla ɗaya. Haka taɓin hankali: mafi yawan masu fama da shi ba sa cutar da kowa. Ka kuma bambanta wa mai sauraro ciwo a wurin likita da hauka a wurin doka. Ƙa'idar M'Naghten ta 1843, wadda ƙasashe da yawa suka gada daga Ingila, tambayarta ita ce ko mutum ya san abin da yake yi, kuma ya san ba daidai ba ne, a lokacin da ya yi shi. Mutum zai iya kasancewa da ciwo mai tsanani, kotu kuma ta ce yana cikin hankalinsa.

Zana kamannin halin mai laifi kafin a kama shi yana da daɗin ji, amma ya taɓa jefa mutane a bala'i. Bayan kisan Rachel Nickell a Landan a 1992, 'yan sanda sun matsa wa Colin Stagg saboda ya dace da siffar da wani masani ya zana, har suka tura masa jami'a a ɓoye don ta ja bakinsa. Alƙali ya yi watsi da ƙarar a 1994, kuma sai a 2008 Robert Napper ya amsa kisan bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna shi. Zato zunubi ne, balle a ce makirfo ya ɗauke shi ya kai wa dubban kunnuwa.

Amsa laifi da hira da fursuna

Kada ka gina bayanin halayya a kan iƙirari kafin ka binciki yadda aka same shi. Awa nawa aka yi ana tambayarsa? An naɗi dukan zaman ko ƙarshensa kawai? Akwai lauya? Shekarunsa nawa? Ya faɗi wani abu da mai laifin kaɗai zai sani, ko mai tambayar ne ya fara furta shi? Matasa biyar da aka ɗaure bisa iƙirarinsu kan harin da aka kai wa wata mata a wurin shaƙatawa na Central Park a New York a 1989, sai a 2002 aka wanke su. A Suwidin, Sture Bergwall ya amsa kisa sama da 30 yana asibitin masu taɓin hankali, ana ba shi magunguna masu ƙarfi, aka kama shi da laifi a takwas, masana suka yi ta fassara halinsa. Ya janye maganarsa a 2008, kuma zuwa 2013 an soke hukuncin takwas ɗin duka.

Idan ka samu hira da wanda ke kurkuku, ka tuna ya yi shekaru yana goge labarinsa. Duk abin da ya faɗa ka kai shi jadawali ka gwada. Kada ka biya shi, kada kuma ka bar muryarsa ita kaɗai ta ba da labarin yadda aka yi kisan.

Iyalan wanda aka kashe

Ka rubuta musu tun da wuri, ka faɗi ko kai wane ne, da abin da shirin zai ƙunsa, da ranar fitarsa. Sau ɗaya, sai tuni ɗaya. Shiru amsa ce. Ko sun ƙi magana, ka sanar da su kafin shirin ya fita, kada su ci karo da sunan ɗansu a waya ba zato. Bayan ka gama rubutu, ka ƙirga mintunan da ka ba mai laifi da waɗanda ka ba mamacin. In ka ga an san makarantar mai laifi da abokansa amma mamacin suna ne kawai da shekaru, da sauran aiki.

Sauti da rubutu

Makirfo irin wanda ba ya kwasar ƙarar ɗaki, tazarar santimita 10 zuwa 15 daga baki, a ɗan karkace don kada harafin "b" da "f" su buga iska. Ɗaki mai labule da kafet ya fi ɗaki mai faɗi da bango tsirara. Ka naɗa a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, kilohaz 48, ƙarar tana tsayawa tsakanin -12 da -6 na desibel, kowane mai magana a layinsa. A ƙarshen kowace hira ka naɗi shirun wurin na daƙiƙa 30, da shi za ka cike gurbin da ka yanke. Manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce kuma ta isa. Ka daidaita ƙarar shirin a kusan -16 LUFS, wato ma'aunin ƙarar shiri gaba ɗayansa, kafin ka fitar da shi a MP3.

Mai sauraro ba ya ganin majiya a ƙasan shafi, don haka a baki za ka faɗe ta: "kotu ta tabbatar," "mai gabatar da ƙara ya yi zargin," "wannan fahimtarmu ce." Kiɗa ma magana ne. In ka sa sauti mai tayar da tsikar jiki a ƙarƙashin sunan wanda ba a taɓa kamawa da laifi ba, ka tuhume shi ke nan. Bayanin rauni da jini ka bar wanda ke nuna wata shawara da mai laifin ya yanke, ka cire sauran. Ka yi gargaɗi na daƙiƙa 15 a farkon shiri, in kuma akwai wanda ya kashe kansa a labarin, kada ka faɗi hanyar da ya bi.

Kafin saki, wani da bai sa hannu a rubutun ba ya bi shi layi-layi da jadawalin a gefensa, lauyan da ya san dokar ɓata suna kuma ya saurari duk inda aka ambaci mai rai. Duk wanda aka zarga da wani abu a ba shi damar amsawa a rubuce, da wa'adin da aka faɗa masa. In kuskure ya fita duk da haka, ka gyara sautin, ka sauya fayil ɗin a inda kake ɗora shirin, ka sa sanarwar gyaran da kwanan wata a farkon wannan kashi da kuma farkon na gaba, domin waɗanda suka riga suka sauke tsohon ba za su koma su sake jin sa ba.