Hular jariri don ranar suna

In sunan ya faɗo cikin hunturu, hula nake saƙa wa jaririn, don sanyin garin Tawa da asuba ba ya raga wa jinjiri. 'Yar'uwa, ki nemi zaren ulu mai laushi. Ki goga shi a wuyanki, in ya yi ƙaiƙayi ki bar shi. Da allura mai kaurin milimita 4, ki ɗora ido 64, wato maɗaukan zaren da ke kan allurar. Bakin hular ki yi biyu gaba biyu baya har santimita 3, shi ke sa ta kama kai ba ta matse ba. Sai saƙa miƙe har santimita 10, sannan ki riƙa haɗa ido biyu-biyu, ki zuge sauran da zaren. Kada ki ɗinka maɓalli ko duwatsu, jariri na iya haɗiyewa.