Kafin ka yanke wa kare farce a gida

Sababbin zuwa ƙasashen waje da dama kan tsinci kansu da ɗawainiyar kare ba shiri. Wani ya samu aikin kula da tsoho a gidan da ke da kare, wani kuma yaransa ne suka matsa masa lamba. A nan karnuka a ɗaki suke yini, kan kafet da tayil, don haka faratansu ba sa cinyewa da kansu. Da ka fara jin ƙas-ƙas idan yana tafiya, to sun yi tsawo. In karen ba naka ba ne, nemi izinin mai shi tukuna.

Farcen kare ba irin namu ba ne. A cikinsa akwai ɗanyen nama mai jijiya da jini. Idan farcen fari ne, haska shi da tocila za ka hango naman ja-ja, sai ka yanke ka bar tazarar kamar milimita 2. Baƙin farce shi ne mai wuya, domin ba ka ganin komai. Sai dai ka riƙa tsinke bakin kaɗan-kaɗan kana duba inda ka yanke. Da fari za ka ga wurin fari-fari kamar alli. Da zarar wani baƙin ɗigo ya bayyana a tsakiya, tsaya nan.

Saboda haka, a ganina, abin da za ka fara saya ba almakashi ba ne, hodar tsayar da jini ce da ake samu a shagunan kayan dabbobi. Ko gwani yakan zarce. Ka ɗebi kaɗan ka danna a bakin farcen ka riƙe. In babu ita, garin sitaci na iya taimakawa. Jinin da ya ƙi tsayawa kuwa, na likitan dabbobi ne.

Abin yankan iri uku ne. Akwai mai kama da filaya, wanda ya fi ƙarfi, kuma shi ya dace da babban kare mai kaurin farce. Shi nake ba sabon hannu shawara ya saya. Akwai mai ɗan rami da ake zura farcen, reza ta taso ta datse shi. Yana yi wa ƙananan karnuka, amma rezarsa na saurin dakushewa, kuma dakusasshen ƙarfe matse farce yake yi har ya tsage. Wannan ne ma ya sa abin yankan farcen mutane bai dace ba, sai dai ga ɗan ƙwikwiyo.

Na uku injin gogewa ne, irin na kamfanin Dremel, mai cin farcen a hankali. Ga baƙin farce babu kamarsa, sai dai yana da ƙara, kuma gugar na ɗaukar zafi. Taɓa ka ɗaga, kada ka daɗe a farce ɗaya. In karen mai dogon gashi ne, kawar da gashin dagin don kada injin ya naɗe shi. Kafin ranar aikin, ka riƙa kunna shi kusa da karen har ya saba da sautin.

Ka yi yankan duk bayan mako 3 zuwa 4. In ana yi a kai a kai, naman cikin ja da baya yake yi. Kada ka manta da ɗan farcen nan na gefen ƙafa ta ciki, wanda ba ya taɓa ƙasa. Shi ne ke lanƙwashewa ya shige cikin fata idan an bar shi.