Yadda Ake Bambance "On Time" da "In Time" a Turanci

Ɗalibai da yawa sukan sa "on time" a gurbin "in time", domin da Hausa duka biyun mukan ce "a kan lokaci". Hanyar raba su ita ce mutum ya tambayi kansa kafin ya yi magana: shin wani ƙayyadadden lokaci aka tsayar, ko kuwa wata dama ce ake gudun ta kuɓuce?

Idan lokaci aka tsayar, kamar na shiga aji ko na fara taro, to "on time" ake cewa. A ce an sanar jirgin ƙasa zai bar tashar Rigasa da ke Kaduna zuwa Abuja da ƙarfe 8:00 na safe, ya kuma tashi 8:00 ɗin cif, sai a ce "The train left on time." Kishiyarsa ita ce "late".

Shi kuwa "in time" bai damu da abin da agogo ya nuna ba. Abin da yake dubawa shi ne ko an riski abu kafin ya wuce. A nan ne nake son mai koyo ya dakata ya natsu. Da jirgin nan zai yi jinkiri har 8:30, fasinjan da ya iso a guje da jakarsa da ƙarfe 8:20 bai zo "on time" ba, tunda ya saɓa lokacin da ke jikin tikitinsa, amma ya zo "in time", domin ya samu ya shiga kafin a rufe ƙofa. Irin wannan tsallake rijiya da baya shi ake ce wa "just in time", kishiyarsa kuma "too late", wato an riga an yi babu shi.

Wajen gina jimla, idan suna ne zai biyo baya sai a sa "for", kamar "in time for dinner". Idan aikatau ne sai a sa "to", kamar "in time to catch the train". Masu shirin jarrabawar WAEC ko NECO su riƙe wannan da kyau, kuma kada su cusa "the" tsakanin "in" ko "on" da "time".

Akwai wata ma'ana ta "in time" da ake yawan mantawa da ita, wato "da sannu" ko "nan gaba". Malamin da ya ce wa ɗalibinsa "In time you will understand" yana nufin da sannu zai fahimta, kuma "on time" ba ya taɓa shiga wannan gurbin.