Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa VM da intanet ta Wi-Fi

Babu kuskuren da ya kai ƙoƙarin gina gada (bridge, mai haɗa VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin kwamfutarka, kai tsaye da rautar gida) a kan katin Wi-Fi cin lokacin mutane. A Linux za ka ƙirƙiri gada mai suna br0, ka buga `ip link set wlan0 master br0` don haɗa ta da wlan0, wato katin Wi-Fi, kwamfuta ta amsa maka da "Operation not supported". Katinka lafiyarsa ƙalau. A tsarin 802.11, wato ƙa'idar Wi-Fi, saƙon da kwamfuta ke aika wa rauta adireshi uku kawai yake ɗauka, ita kuma rauta ba ta sauraron kowa sai adireshin MAC (lambar shaidar katin sadarwa) da ya yi rajista da ita. VM tana da nata MAC daban, don haka tun a bakin ƙofa ake watsar da saƙonta. Wanda ya gudu zuwa macvtap, wata hanyar jona VM kai tsaye da katin, shi ma wannan bangon zai tarar.

Akwai `iw dev wlan0 set 4addr on`, mai ƙara adireshi na huɗu, amma sai rautar ta amince, kamar mai manhajar OpenWrt da aka kunna wa wds, saitin karɓar adireshi huɗu. Idan da MiFi ko hotsifot ɗin waya kake aiki, kada ka wahalar da kanka. VirtualBox, manhajar gudanar da VM, kan yi dabarar fitar da saƙon VM da MAC ɗin uwar kwamfutar da VM ke cikinta, shi ya sa gadarsa ke yin aiki da IPv4 a wasu wuraren, ta ƙi a wasu.

Mafita ita ce NAT, inda VM ke fita intanet da adireshin uwar kwamfutar, amma nan ma ana tuntuɓe. A VirtualBox kowace VM 10.0.2.15 take samu, a keɓe, ba ta ganin 'yar'uwarta. In kana son su gaisa, zaɓi NAT Network, ko ka ƙara kati na biyu na Host-only, wanda ya saba zama a 192.168.56.0/24. Shiga VM daga waje kuwa sai an tura ƙofa: `VBoxManage modifyvm "sunanVM" --natpf1 "ssh,tcp,,2222,,22"` alhali VM ɗin a kashe take, sannan ka shiga da `ssh -p 2222` ta adireshin uwar.

Masu KVM, tsarin gudanar da VM na Linux, sukan manta cewa virbr0, katin NAT ɗinsu mai 192.168.122.0/24, a wasu kwamfutocin ba ya tashi sai an buga `virsh net-start default`, a bi shi da `virsh net-autostart default`. Idan VM ta samu adireshi amma intanet shiru, duba ko `net.ipv4.ip_forward` yana kan 1. Ka kuma duba manhajar Docker in kana da ita, don takan mayar da dokar FORWARD ta iptables, katangar tsaron Linux, zuwa DROP, wanda ke toshe hanyoyin da ka tsara da hannunka.

In dole ne VM ta bayyana ga sauran na'urorin gidan da adireshinta, kunna `proxy_arp` a kan wlan0 don uwar ta riƙa amsawa a madadin VM, ka ba ta tsayayyen adireshi, don DHCP, mai raba adireshi kai tsaye, ba ya tsallakowa sai da mai miƙa shi. Katin Ethernet na USB da guntun kebul zuwa rauta ya fi duk wannan sauƙi, in rautar na kusa.