Yadda ake haɗa salon Japan da na Holan a katun ɗin dabbobi

Tun kafin ka ɗauki fensir, ka raba wa kowane salo aikinsa. Siffar dabba da launinta daga Holan za ka ɗauko, motsi da shimfiɗar wuri kuma daga Japan. An yi irin wannan haɗi a 1989, lokacin da Japanawa suka mayar da agwagwar mawaƙin Holan Herman van Veen, wato Alfred J. Kwak, katun ɗin talabijin mai kashi 52. Mu ma a Zariya abin ba baƙo ba ne, domin ɗaliban zane da suka kafa ƙungiyarsu a nan a 1958 abin da suka yi kira gare shi ke nan, a auri dabarar waje a gina ta a kan kayan gida.

Mai zane Dick Bruna na birnin Utrecht a Holan ya fito da zomanyarsa Miffy a 1955 da baƙin layi mai kauri, launuka kaɗan, babu inuwa, ido ɗigo biyu. Ƙa'idar za ka ɗauka, ka bar masa zomanyarsa, don a 2010 wata kotu a Amsterdam ta hana kamfanin Sanrio na Japan sayar da kayan wata zomanya a Holan da Beljiyam da Luksamburg saboda kamanninta da Miffy sun yi yawa. Ga dila, ga kura, ga kunkuru, ga akuyar bakin Ƙofar Doka. Zana akuyar sau goma, kowane karo ka rage layi, har ya zama ƙaho da gemu da kunne ne ke ɗauke da ita. Sannan ka shafe ta da baƙi gaba ɗaya ka nuna wa yaro. In bai ce akuya ba, koma ka gyara. Launi kada ya wuce huɗu a jikinta. A allo mai faɗin fiksel (ɗigon hoto) 1920 da tsayin 1080, layin ya kai fiksel takwas zuwa goma, in ba haka ba zai dushe a waya idan WhatsApp ya matse bidiyon.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne manna manyan idanu masu ƙyalli irin na anime, wato katun ɗin Japan, a wannan fuska. Idon sai ya cinye komai. Bar ɗigon yadda yake, kunne da wutsiya su nuna fushi ko tsoro.

A fim, daƙiƙa ɗaya firem 24 ce, wato hotuna 24 a jere. Japanawa sukan bar zane ɗaya ya zauna firem uku, wato zane takwas a daƙiƙa, 480 a minti maimakon 1440. Wannan ya dace da layi mai kauri, domin yawan sake zana shi ne ke sa shi rawa. Baki siffa uku ta isa: rufe, rabin buɗe, buɗe. Ka naɗi murya tukuna, ka riƙe buɗaɗɗen baki a kan dogon wasali, in ba haka ba Hausar za ta saɓa da leɓe. Amma idan kyamara ce ke tafiya gefe, ta motsa a kowane firem, don a kan uku-uku hoton zai riƙa tsalle.

Bayan fage a yi shi da launin ruwa mai taushi, ba baƙin layi: ganuwa, zankwayen soro, dutsen Kufena cikin hazon hunturu. Launinsa ya fi na dabbar sanyi, don kada ya haɗiye ta. Bayan magana mai nauyi ka bar hoton wurin shi kaɗai na daƙiƙa biyu ko uku, ba kiɗa ba magana. Masu koyo sukan yanke wannan shiru don gudun gundura, alhali a nan yaro ke narkar da abin da ya ji.

Manhajojin yin katun, Blender na Amsterdam da OpenToonz, wanda kamfanin Dwango na Japan ya saki a 2016, duka kyauta ne. Ka fitar da aikin a jerin hotunan PNG kafin ka haɗa bidiyo, yadda ko an ɗauke wuta za ka ci gaba daga firem ɗin da ka tsaya.