Darasi na 7: Gyaran Tsohon Gidan Gona da Kuɗi Kaɗan

Wanda ya gāji tsohon gida a gona, ko ya saye shi da araha, abin da idonsa ke fara gani shi ne fentin da ya koɗe da ƙyauren da ya karkace. Nan da nan sai ransa ya biya da sayen fenti. Daure ka mayar da kuɗin aljihu. Ni na taɓa yin wannan wauta. Na shafe ɗaki fes, na zauna ina kallo ina murna. Ruwan farko da ya sauka ya bi ta ramin ƙusa guda ɗaya a rufi, ya gangaro ya zana mini taswira a bango. Ga asarar kuɗi, ga wahalar banza.

Babban abokin gābar tsohon gida ruwa ne. Ta sama yake shiga, ta ƙasa kuma yake tsotsowa. Wanda kuɗinsa kaɗan ne, a nan ya kamata ya fara kashe su.

Fara da zagaye

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ɗauki littafi da fensir da tocila da sukudireba, ka zagaya gidan ciki da waje. In da hali, ka sake zagayawa ranar da ake ruwa, domin a ranar ne gida ke faɗin gaskiya. Duk inda ka ga yoyo, yi masa alama da alli.

Soka sukudireba a jikin katakon rufi da na ƙofa da na taga. Katako mai lafiya ba ya yarda. In ƙarfen ya nutse cikin sauƙi, ko ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga, to ruɓa ce ko gara ta cinye cikin ta bar maka ɓawo. Duba gindin bango ko za ka ga siririyar hanyar ƙasa da gara ke ginawa tana hawa sama.

Tsaga kuma iri-iri ce. Siririya kamar gashi yawanci a shafe kawai take, ba abin tashin hankali ba ce. Wadda faɗinta ya wuce milimita 5, ko mai tafiya a karkace kamar matakala, ita ce abin lura. Ja layi da fensir a inda ta ƙare, rubuta kwanan wata a gefe, ka dawo bayan wata ɗaya ko biyu. In ta zarce layin, ginin yana motsi. Wannan ba aikinka ba ne, kira magini.

Rufi da gindin bango

Ba dole ba ne a sauya rufi gaba ɗaya. Sau da yawa ƙusoshi ne suka saki, ko falle biyu ko uku suka yi tsatsa. Sauya waɗanda suka mutu, ka bar masu rai. Kwashe ganye da ƙasa daga indararo, ka tabbata ruwansa yana zuba nesa da bango.

Wurin hawa, kafa tsani daidai: in tsawon inda zai jingina mita 4 ne, ƙafarsa ta nisanci bango da mita 1. Wani ya riƙe maka. Kada ka hau rufi yana jiƙe.

Sai ka sauko ƙasa. Aikin da ya fi kowanne araha, kuma mutane suka fi raina shi, shi ne gyara gangaren ƙasa. Shebur da baro kawai yake bukata. Shekara da shekaru ƙasa da shara suna taruwa a jikin bango har su haura daɓen ɗaki, danshi ya samu hanya. Kwashe su. Ƙasar waje ta zama ƙasa da daɓen ciki da kamar santimita 15, kuma ta gangara nesa da gida, santimita 15 cikin mita 3 na farko. Cire ciyayi da ƙananan itatuwa da suka tsiro a jikin gini, saiwarsu tana tsaga harsashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada ka yaɓa siminti a ko'ina

Tsohon bango yana numfashi: yana shan danshi, yana fitar da shi in iska ta kaɗa. Siminti ba ya barin danshi ya fita da sauƙi. In ka lulluɓe bangon ƙasa da shi, ruwa zai maƙale a baya, wata rana shafen ya ɓamɓaro falle guda ya janyo bangon tare da shi. Bangon ƙasa da ƙasa ake gyara shi. Na dutse ko tsohon bulo da aka gina da farar ƙasa, da ita za ka cike: awo 1 na farar ƙasa, awo 3 na yashi. Sa safar hannu, domin tana cin fata, kuma ka kiyaye idonka. Inda siminti ya dace, kamar daɓe, riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7. Sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa.

Tsohon ƙyaure da taga da katakon da ka cire, kada ka zubar. Zare ƙusoshin, ka kankare, ka ajiye a inuwa. Zai rage maka sayen sabo.

Abin da ba a yi wa ƙarfin hali

Tsohuwar wayar lantarki aikin mai gyaran wuta ne. Bangon da ke ɗauke da rufi ba a rushe shi don faɗaɗa ɗaki sai da shawarar gwani. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. A Amurka tun 1978 aka hana sa ta a fentin gidaje. Kada ka goge shi a bushe, ka jiƙa, ka sa takunkumi, yara da masu ciki su nisanci wurin. Rufi ko silin na asbestas, mai launin toka kamar siminti, kada ka fasa shi ko ka yanka, ƙurarsa tana lalata huhu. Kashin jemage da na tsuntsu ma a yayyafa ruwa kafin a share.

Aikin gida

Raba kuɗin da kake da shi gida 10. Ware 2 ka ɓoye, domin tsohon gida kana buɗe wuri ɗaya yake nuna maka wani. Sauran 8 su ne na aiki. Yanzu rubuta gyare-gyare biyar da gidanka ke bukata, ka sa lamba 1 a gaban wanda ruwa ke shiga ta wurinsa. Kawo littafin a aji na gaba mu karanta tare.